Hodar da Muka Binne da Gero

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaji wankin kwalba ne, kuma har na bar aiki ban daina ba. Don haka da na ji ɗayanku yana cewa, "Ai Baba Iro wankin kwalabe kawai ya yi a jami'a," ban ce ƙarya yake yi ba. Amma tunda kuna ganin aikin bai wuce a zuba wannan a kan wancan a juya ba, ku zauna ku ji abin da aka dafa a cikin kwalaben.

Ban yi boko ba. Daga ƙauyenmu na ƙasar Babura na fito, lokacin farin da ya kashe shanu. Na hau bayan babbar mota a Kazaure da riga ɗaya, na nufi birni. Na yi dako, na yi leburanci. Kuɗin fetur ya shigo a lokacin, ko'ina gini ake yi. Ɗakin gwajin da na yi wa aiki, da kaina na ɗauki bulonsa tun ba a sa masa rufi ba. Da aka gama gini aka ce ana neman mai shara da wanki. Na tsaya.

Wanda ya koya mini aiki Oga Bulus ne, shugaban ma'aikatan ɗakin, gajere mai faɗa. Ran farko ya miƙo mini wata kwalba mai ƙaton ciki da wuya uku. Na wanke ta da sabulu har tana sheƙi. Ya karɓa, ya zuba ruwa, ya juye, ya ɗaga ta wajen taga.

"Ɗan Babura, ka ga ɗigon nan da suka maƙale a jiki?"

"Na gani, Oga."

"Maiƙon hannunka ne. Gilashi mai tsabta ruwa ba ya tsaya masa ɗigo-ɗigo, shimfiɗuwa yake yi. Wannan wankin kwanon tuwo ka yi. Sake."

Na sake. Ya sake dawo mini da ita. Haka muka wuni. Kuma ko ta fita, ba a gama ba sai an ɗauraye ta da ruwan tururi, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, babu gishiri babu ƙasa a ciki. Ni da na baro garin da ake faɗa a bakin rijiya, na ga ana dafa ruwa don a wanke kwalba. Na ce a raina mutanen nan ba su san wahala ba. Daga baya na ga dalili.

Mai binciken kuwa Dokta muke ce masa. Dogo ne siriri, Bafulatanin gabas, ba ya ɗaga murya. Wata rana ina goge tebur na ce, "Ranka ya daɗe, wai me ake dafawa a nan?" Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce in ba shi carbina. Ya ɗaga shi sama.

"Ƙwaya iri ɗaya ce aka yi ta maimaitawa a zare. Sitacin rogo haka yake, Iro, sai dai ido ba ya gani. Audugar rigarka haka take. Bokitin roba haka yake. Kowanne dogon carbi ne, ƙwayar ce ta bambanta. Shi muke kira folima."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To ɗauko ƙwaya iri biyu, fara da baƙa, ka zura a zare ɗaya. Wannan shi ne kofolima. In ka jera fara, baƙa, fara, baƙa, abu ɗaya za ka samu. In ka tara farare gefe, baƙaƙe gefe, wani abu ne daban. Ƙwayoyin suna nan yadda suke, jerin ne ya canza. Sai ka ga wannan ya yi tauri kamar ƙaho, wancan yana miƙewa kamar danƙo."

Ya miƙo mini carbina. Na daɗe ina jan carbin nan, amma ran nan na riƙe shi kamar baƙon abu. Tun daga nan ko igiya na gani, ko takalmi, ko malmalar tuwo, sai in tuna akwai zare a ciki da Allah ya jera, ba mai gani.

Irin kofolimar da Dokta ke nema mai reshe ce. Sitacin rogo shi ne uwar itace, sai a dasa masa rassan wani abu daban a jiki, yadda masu lambu ke yi wa mangwaro aure. Abin da ake yin rassan da shi daga ƙasar waje yake zuwa cikin baƙar kwalba. Ruwa ne garau, amma dafi ne. Sunansa dogo, ban taɓa iya faɗa ba. Mu dai mai ƙoƙon kai muke ce masa, saboda hoton da ke jikin kwalbar. Ba a buɗe shi sai cikin wani akwatin gilashi mai zuƙe iska ya fitar ta rufi. Oga Bulus ya ce mini, "In ka shaƙi wannan, a nan za mu binne ka. Ba mai ɗaukar gawa zuwa Babura, hanyarku rairayi ce."

Dahuwar kanta ga yadda take. Ana dama sitaci da ruwan tururi a kwalbar nan mai wuya uku, a ɗora a ruwan zafi har ya yi kamar talge. Ta wuyan tsakiya muciyar gilashi ke shiga, ƙaramin inji na juya ta. Ta ɗaya wuyan ma'aunin zafi. Ta na ukun kuma siririn tiyo daga wata doguwar tukunyar ƙarfe mai iska a ciki, naitirojin. Sai a bar talgen ya huce har hannu ya iya riƙe kwalbar, iskar tukunya tana ɓulɓula a ciki tana korar iskar ɗaki. Na tambayi dalili. Dokta ya ce iskar da muke shaƙa ita ce ke kashe auren tun kafin a ɗaura. Abin da mutum ba ya rayuwa sai da shi, shi ne ajalin wannan aiki. Na daɗe ina juya maganar.

Bayan nan a zuba mai ƙoƙon kai. Sannan a ɗiga wani ruwan gishiri mai launin ruwan goro, shi ne mai tayar da aikin. Sai kowa ya zuba wa kwalba ido. In abin zai yi, launin goron sai ya dusashe a gaban idonka, talge ya koma fari kamar nono. Babu wuta a ƙasa, amma kwalba ta ɗau ɗumi da kanta kamar cikin akuya. Ya yi kauri, ya yi kauri, har injin muciya ya fara nishi. Ba ka ga hannu ba, ba ka ji ƙara ba, amma a cikin kwalbar nan ana ta zura ƙwayoyi a zare, fiye da yawan rairayin gonarmu.

Sau da yawa ba ya yi. Ku da kuke ganin sauƙi, nan za ku gudu. A wuni ana shiri, a zuba komai, ruwan goro ya zauna yana kallonka. Wata rana marfin wuya ne bai zauna daidai ba, iska ta shiga. Wata rana wuta ta ɗauke, muciya ta tsaya, abu ya dunƙule gefe ɗaya. Wata rana ba wanda ya san dalili. Dokta ya ce, "To." A zubar a ramin da aka haƙa don haka. Ni in wanke kwalba.

Ko ya yi, da saura. Ba duk mai ƙoƙon kai ne ke kama jikin sitaci ba, wani yana daskarewa shi kaɗai a gefe. Dokta ya ce gero da wake in ka haɗa a ƙwarya, ana iya tsincewa, wannan gauraye ne, ba shi muke nema ba. Wanda ya kama da gaske, wanki ba ya raba shi. Sai mu yi ta jiƙa shi a wani ruwan magani muna tacewa, har abin da bai kama ba ya fita. Sannan a dafa ragowar da soda. Nan ne abin kallo. Farin abu ya koma ja wur kamar an yanka rago a ciki, wari ya tashi kamar na turken awaki da damina. Ka ce ya lalace. Ka ci gaba da juyawa, sai jan ya janye a hankali, ya koma launin man shanu. A zuba masa sifirit ya tattaru, a wanke, a sake wankewa har dafi ya fita, a busar. Ni nake daka shi a turmin tangaran. Daga cikakkiyar kwalba, abin da za ka samu bai cika tafin hannu ba. Hoda ce kamar garin rogo.

Gwargwado ne komai. Rassa in sun yi kaɗan, hoda ta narke a ruwa ta zama kunu. In zafi ya wuce wajen busarwa, ta ƙanƙame ta ƙi shan ruwa. Mun fi shekara muna tsakanin kunu da ƙaho.

Ranar da ta yi, da hantsi ne. Dokta ya cika babban kofin gilashi da ruwan tururi. Ya ɗebi hoda a kan bakin cokali, ba ta kai abin da mace ke sa wa ido na kwalli ba. Ya zuba, ya juya. Hoda ta ɓace. Ruwa yana nan garau, amma ya daina motsi. Ya saki cokali a tsakiya, cokali ya tsaya a tsaye. Ya ɗaga kofin ya kifa shi a kan tebur, ko ɗigo bai faɗo ba.

Oga Bulus ya ce, "Yesu!"

Ni na ce, "Subhanallahi."

Dokta ya ce, "Taɓa, Iro."

Na sa yatsa. Sanyi, santsi, yana rawa. Na matsa, ruwa bai fito ba. Sitaci shi kaɗai ba ya haka. Mai ƙoƙon kai in ya daskare shi kaɗai, zaren rigar sanyi ake yi da shi, ba ruwansa da ruwa. Amma da aka ɗaura su aka dafa, ga ɗa ya fito bai ɗauko uwa ba bai ɗauko uba ba. Dokta bai ɓoye mana ba, ya ce ba shi ya fara ba, a ƙasar waje an yi da sitacin masara. Shi abin da yake so ya sani, ko rogonmu zai yi, kuma ko zai riƙe wa shuka ruwa a rairayinmu. Muka gwada da gero a gwangwanaye a bayan ɗaki. Wanda aka sa wa hoda ya daɗe a tsaye bayan ɗan'uwansa ya kwanta. Saura gona.

Sai mummunar shekara ta zo, ta kama mu ta gida da ta wurin aiki. Kuɗin fetur ya ja baya, kayan waje suka daina zuwa. Baƙar kwalba ɗaya ta rage a ma'aji, tukunyar iska ma ta kusa ƙarewa. Dokta ya ce a dafa duka. Muka yi ta dafawa har kwalbar ta ƙare, abin da muka tara ya cika babban gwangwanin madara ɗaya. Shi ke nan duk hodar da muke da ita.

A gida kuwa daminar bara ta yanke da wuri, gero bai cika ido ba. Gidanmu akwai irin gero da muka gada tun kakan mahaifina, mai dogon kai da gashi, tsuntsu ba ya son sa. Ba a sayar da shi a kasuwa. Abin da Baba ya iya ɓoyewa daga bakin yunwa ɗan kaɗan ne a cikin tulu, shuka ɗaya zai yi, babu ta biyu. Kuma ya ce bana binne zai yi. Ku da ba ku noma, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya same shi a ciki. In damina ta ɗore, ka riga kowa. In ruwa ya ɗan zuba ya tayar da iri sannan ya ɗauke, tsiro ya ƙone, iri ya tafi. Baba ya ce bara jira ne ya cuce shi.

Na gaya wa Dokta. Ya ce, "Babanka zai ba mu gefen gona?"

Muka zo da motar jami'a, ta Kazaure zuwa Babura, daga nan muka yi ta tura ta a rairayi. Baba ya shimfiɗa wa Dokta buzu a zaure. Yayana Mudi, wanda ke riƙe da gona tare da Baba, yana tsugune a bakin ƙofa. Dokta ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya. Ruwan rijiyarmu akwai kanwa-kanwa, sai da ya ƙara hoda kafin ya kama, ya ce hodar ba ta son gishiri, ruwan sama ta fi so. Amma ya kama. Ya kifa ƙwarya a gaban Baba.

Baba ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce, "Malam, ina ruwan ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Riƙe shi ta yi."

"In ta riƙe, ta yaya shuka za ta karɓa?"

"Saiwa tana tsotsa a hankali."

"In ta kashe mini iri fa?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, a gwangwani ba ta kashe ba. A gona ban sani ba. Abin da na zo in sani ke nan."

Baba ya dube shi. Ya ce, "Da ka ce mini ka sani, da ban ba ka ba." Ya ba mu gefen gabas, inda rairayi ya fi yawa, inda ko a shekara mai kyau ba a samun abin kirki.

Washegari muka fita. Mudi yana gaba da sungumi yana sara rami. Ni ina biye, ina sa hoda tsakanin yatsu biyu kamar gishirin miya, in cuɗa da rairayin ƙasan rami. Baba yana jefa iri yana rufewa da diddige. Dokta yana gefe yana kallon yatsuna. Mun ci rabin gefen da aka ba mu, gwangwani ko wuyansa bai sauka ba. Da haka zai ishi gefen duka, a yi ragowa mai yawa.

Sai ga saƙo daga mai gari. An ji baƙo ya kwana a gari da mota, ba a kai shi gaisuwa ba. Baba ya ajiye ƙoƙon iri nan take. Dokta ya ce a bari mu ƙarasa. Baba ya ce, "Malam, kai gobe za ka tafi. Ni a nan zan zauna." Muka tafi mu uku. Na ajiye gwangwani a gindin gawo na ce, "Yaya, a bar shi sai mun dawo."

Gaisuwar mai gari kun san ta. Fura, sannan labari, sannan azahar, sannan aka ce an riga an yanka kaza. Ba mu dawo gona ba sai bayan la'asar. Muka tarar da Mudi ya jingina da sungumi yana murmushi, gwangwani a kife.

"Na rage muku aiki."

"Yaya, ina hodar?"

"Tana ƙasa mana. Na ga kuna yi mata rowa kamar ba ku so gero ya ƙoshi. Taki ai cika hannu ake yi."

Duk abin da ya rage, a 'yan layuka ya juye shi, rami ɗaya cikin hannu ɗaya, ya cuɗa da rairayi yadda ya ga ina yi. Babu hanyar tsincewa. Aikin watanni ne, kuma babu wata baƙar kwalba. Dokta ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya mayar. Ya ce, "Iro, kafa kara a kan layukan Malam Mudi. Su ma za mu ga abin da za su yi." Da safe ya koma jami'a. Ni na ɗauki hutu na zauna.

Ruwan farko da yamma ya zo, bayan an yi ta jira. Ba shi da yawa. Ya jiƙa ƙasa kamar tsawon tafin hannu ya wuce. Irin ruwan da mai binne ke tsoro ke nan. Da gari ya waye muka ji ana kira daga gona.

Ban taɓa ganin irin wannan ba, ni da na daka hodar da hannuna. Layukan Mudi duk sun yi amai. Kowane rami ya tsage, wani abu garau ya kumburo ya tsaya a kan ƙasa kamar an kifa ƙwarya, yana rawa, rana tana ratsa shi. Layi-layi, kamar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa. Ƙwayoyin geron da aka binne ga su a sama, abin ya turo su waje. Gari ya taru. Liman ya zungura da sanda, ya ja baya yana salati. Wata mai tallan nono ta canza hanya ta bi ta bayan gona. Wani abokin Baba ya ce, "Mudi, kowa gero ya shuka, kai ya aka yi ka shuka kunun aljanu, har ya nuna a kwana ɗaya?" Sunan Mai kunu ya bi Mudi har ya rasu. Kafin rana ta yi tsaka kurciyoyi sun tsince irin da ke sama. Waɗannan layuka sun tafi.

Sauran gona ta tsira, kore shar. Sannan sama ta bushe. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Tsiro ya yi fari, ya koma kamar zare, ya kwanta. Baba kullum da sassafe zai zaga gona hannu a baya. Tulun iri yana ɗakinsa babu ko ƙwaya.

Rabin gefen gabas ne kawai bai kwanta ba. Da rana ganye ya naɗe, ka ce ya mutu. Da asuba ka same shi a miƙe. Na kira Baba na tona gindin ɗaya da yatsa. Rairayi busasshe, zafi kamar toka. A ƙasa sai ga ɗan dunƙule kamar ƙwayar goro, saiwoyi farare sun nannaɗe shi, wasu sun huda sun shiga ciki. Baba ya durƙusa ya taɓa. Sanyi. A tsakiyar wannan ƙuna, ruwan da ya zuba tun kwanakin baya yana nan a zaune. Ya ce, "Ikon Allah." Ya mayar da ƙasa da hannunsa a hankali.

Ran nan Mudi ya sari ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki. Ya kafa rumfa a gefe ya tare a can. Masu wucewa suna ce masa, "Mai kunu, a sammana!"

Ruwa bai zo ba. Na sake tonawa, dunƙulen ya koma kamar ƙwayar wake. Na sake, sai ɗan danshi a jikin saiwa. Ganye ya fara naɗewa tun hantsi, na bakin layi suka kwanta. Ban ƙara tonawa ba. Baba ya daina zagaya gona, sai ya zo ya zauna a rumfar Mudi, su biyu suna kallon gabas.

Daga gabas ɗin ya zo, wata Alhamis da azahar, da iska da tsawa. Ruwan gaske. Ya zuba ya sake zubawa, damina ta kama. Sauran gonar muka sake shuka ta da ɗan gajeren gero da aka samo wurin mutanen Nijar a kasuwar Babura. Shi muka ci a shekarar. Na gefen gabas kuwa ya tashi ya wuce kan mutum, ya fitar da dogon kai da gashinsa. 'Yan dammuna kaɗan aka ɗaure. Baba ya ce ko mara lafiya ba za a dama wa kunu da shi ba. Ya rataye su a ɗakinsa. Ya zare kai ɗaya, mafi tsawo, ya ce in kai wa Malam.

Na kai. Dokta ya riƙe shi ya shafa gashin, sannan ya ɗora a sikeli, don shi komai sai ya auna. Na ba shi labarin layukan Mudi, ya yi dariya har ya zauna, ban taɓa ganin haka ba. Sannan ya ce, "Shekara ɗaya ba ta isa a ce an sani ba, Iro. Sai an maimaita."

Ba a maimaita ba. Baƙar kwalba ba ta sake zuwa ba. Tukunyar iska ta zauna a lungu har ta yi tsatsa. Dokta ya jira, ya gaji, ya tafi wata ƙasa. Masu nema kuwa ba su daina ba. Wani ya zo gidanmu a keke tun daga Roni. Wani daga Gwiwa ya bi ni har ƙofar jami'a da zabi biyu. Na ce babu. Suka ce ɓoyewa nake yi don gidanmu. Na bar su da zatonsu. Na ci gaba da wankin kwalba wa ɗalibai har ƙarfina ya ƙare.

Kwanan baya, bayan ruwan sama, na ga wani abu ya kumbura a bola a bayan gida. Ƙunzugun jarirai ne irin na kanti, wanda ake yarwa. Ya fashe. Na sa sanda na tona. Garau, santsi, yana rawa. Ita ce, ko 'yar'uwarta. Abin da muka yi ta bi tsakanin kunu da ƙaho, abin da liman ya ja wa salati, yanzu jariri ke fitsari a ciki a jefar. Na daɗe a tsaye a wurin, har matar ɗana ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya.

Geron nan mai gashi yana nan. Shi ne a rumbun tsakar gida, shi kuka ci jiya da miyar kuka, shi za ku binne bana in kun ga dama. Duk daga rabin gefen gabas ya fito. Dokta ne ya san yadda ake jera ƙwayoyin, Allah ne ya kawo ruwa, ni na wanke kwalba. Wanda ya ce wankin ba komai ba ne, ya ɗauki kwanon da ya ci tuwon ya wanke ya kawo mini. Zan zuba ruwa in ɗaga shi a rana.